Abin da Jariri Yake Maimaitawa

Shin akwai alhaki a kanka game da maganar da ka faɗa a gaban wanda bai san ma'anarta ba?

Dubi jaririn da ke goye a bayan uwarsa. Daga wajen wata 6 yakan gano cewa leɓunansa suna iya fitar da "ba", sai ya wuni yana "ba-ba-ba", gobe kuma ya kama "da-da-da". Mukan yi dariya mu ce gwaranci ne, alhali aiki yake yi: yana gwada bakinsa da abin da kunnensa ya ji. Kafin ya cika shekara, kunnen ya riga ya saba da sautukan gidansu. Shi ya sa ɗan Bahaushe yake tashi da ɓ da ɗ da ƙ ba tare da malami ba, baƙo kuwa ya yi shekaru yana fama da su. Yaro yakan kama amon murya, na fushi ko na lallashi, tun kafin ya kama ma'anar kalma.

To, me jariranmu suke ji a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa? Sun ji ƙarar bindiga da rugugin babura cikin dare. A daren 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma waɗanda suke goye a lokacin yanzu bakinsu ya buɗe. Ba ka da iko ka hana bindiga ƙara, amma kana da iko da harshenka. Idan yaro ya ji kana tsine wa kabila guda saboda aikin 'yan bindiga, zai maimaita tsinuwar kamar yadda ya maimaita "ba-ba", ya riƙe ƙiyayyar kafin ya san dalilinta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ba a ce ka ɓoye baƙin cikinka ba. Masu zabura sun yi kuka da ƙarfi, amma gaban Allah suka kai kukan. Manzo Bulus ya koya mana a Romawa 8:15 cewa Ruhu yana sa mu kira Allah da sunan da ɗa yake kiran mahaifinsa, wato Abba, sunan da 'ya'yanmu ma suke kiranmu da shi. Mu kanmu jarirai ne a gabansa, muna maimaita abin da muka ji daga Ɗansa, wanda ya roƙa wa masu gicciye shi gafara.

Saboda haka alhakin yana nan, ya ma fi nauyi domin mai sauraron ba ya iya tacewa. Yau da dare, idan an rufe ƙofa ana zancen abin da ya faru a ƙauyen makwabta, tuna akwai ƙaramin kunne a kan tabarma. Bari ya ji ka ambaci waɗanda aka sace cikin addu'a, ka kuma roƙa wa waɗanda suka sace su tuba.