Hannun Da Ya Rage A Cikin Hoto

Yau tambaya ce na zo mana da ita, wadda ta yi kwanaki tana ci mini rai: shin mace tana da ikon cire wani daga tarihin gidansu don kawai zuciyarta ba ta son ganinsa?

Bayan rasuwar surukata a Kurfi, Allah Ya jiƙanta, aka tashi rabon kayan ɗakinta. A ƙasan wata tsohuwar adaka muka tarar da hotuna sun fi ɗari cikin leda, wasu danshin damina ya manne su, wasu gara ta fara ci. Maigida ya ce in taho da su Dutsin-Ma in jera su cikin albam don yara su san danginsu. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ashe da sauran rina a kaba.

Cikin hotunan akwai wani na Sallah, an rubuta 1987 a bayansa, wato shekarar da aka fitar da Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Ga Baba a zaune, ga Inna a damarsa, ga yara a gaba. Amma ɓangaren hagu an bi shi da almakashi an yanke. Abin da ya rage kawai hannu ne mai lalle, dafe da kafaɗar wata 'yar yarinya. Yarinyar ita ce yayar maigidana ta wajen uba, hannun kuwa na mahaifiyarta ne, abokiyar zaman Inna, wadda aurensu da Baba ya mutu tun da daɗewa.

To kun ji inda na tsaya. In na sa hoton yadda yake, duk wanda ya buɗe albam zai tambaya wa ya yanke, kin ga na tona asirin baiwar Allah da ke kwance a kabari, alhali an hore mu da ambaton mamatanmu da alheri. In kuma na ɓoye shi, na ƙarasa aikin almakashin ke nan, na shafe uwar Yaya gaba ɗaya, sai ka ce ba ta taɓa ɗora tukunya a gidan ba.

Kada mu yi saurin ganin laifin Inna. Kishi kumallon mata ne, kuma wadda ba ta zauna zaman ba, ba ta san abin da aka haɗiye ba. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa jin zuciyarta ta raya mata irin haka ba? Yanzu ma ai ba a daina ba, almakashin ne ya koma cikin waya, da yatsa ɗaya sai a datse mutum kafin a tura hoto WhatsApp.

Sai dai da na nutsu na ga cewa akwai bambanci tsakanin ajiye abu nesa da ido da kuma shafe shi. Na farko haƙƙinki ne. Ba wanda zai tilasta miki kallon fuskar da ke tayar miki da mikin zuciya, kuma matar da ta sake aure ba hikima ba ce ta riƙa adana hotunan tsohon miji a ɗakin sabo. Amma na biyun shiga haƙƙin wani ne, domin hoton iyali ba na mutum ɗaya ba ne. Wadda kike kira kishiya, wani Mama yake ce mata. Wanda kike kira tsohon miji, uban 'ya'yanki ne. Abin da ba ki so, ki miƙa wa mai so, ba ki yaga ba.

Ku duba ma yadda shari'a ta ɗauki lamarin. A Suratun Nisa'i, aya ta 22 da ta 23, an jero matan da aurensu ya haramta, ciki har da matar uba da 'yar'uwar shayarwa. Matar uba, ko an sake ta, ba ta halatta ga ɗansa har abada. Ashe saki yana warware igiyar aure ne, ba ya goge dangantakar da auren ya haifar. In yara ba su san wa ya auri wa ba, wa ya shayar da wa ba, ta ina za su san muharramansu da waɗanda suke gado tare? Ta ina za su sada zumuncin da ba a nuna musu ba?

Na san malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, wasu sun hana sai da lalura, wasu sun sauƙaƙa. Wadda ta bi masu hanawa ba ta fita daga wannan magana ba, don ana yanke mutum da baki kamar yadda ake yanke shi da almakashi. Sunan da kika ƙi ambata wa 'ya'yanki, shi ma kin datse shi.

Akwai kuma cirewar da ita ce daidai. Na tarar da hotunan biki, mata ba mayafi, sun saki jiki don sun san tsakaninsu ne. Waɗannan ban sa su a albam ɗin da ke falo ba, na mayar wa kowace nata, na waɗanda suka rasu na ba 'ya'yansu mata. Ma'aunin da na riƙe shi ne: in cirewar don suturta mai hoton ce, amana ce, in don huce haushina ce, son zuciya ne.

Daga ƙarshe na shirya na tafi gidan Yaya, ban nuna mata yankakken ba, na dai tambaye ta ko tana da hotunan ƙuruciya. Ta shiga ɗaki ta fito da wannan hoton dai, cikakke, domin masu hoton da sukan wanke kati biyu ko uku, mahaifiyarta kuma ta tafi da nata. Muka kai aka sake wanko shi. Shi na sa a albam, na rubuta sunan kowa da fensir a baya, don biro yana huda takarda ya ɓata hoto. Yankakken kuwa na mayar cikin adaka na rufe, na yi wa matan biyu addu'a.

'Yar'uwa, wata rana mu ma hotunanmu za su faɗa hannun surukai da jikoki, ba mu nan balle mu kare kanmu. Yadda kike so a yi da naki, yi da na wasu tun yau. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsarkake zukatanmu daga ƙullin da ba ya amfani, amin. Wassalamu alaikum.