Ko Zunubi Ne Mai Bi Ya Ce Ya Gaji?

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu Kristi, ko kuwa kana neman hanya tukuna, ka ji an ce mai bi ba ya zama rago, ya kan yi aikinsa da aminci ko idon maigidansa yana kansa ko ba ya kansa. Gaskiya ne. Amma ga shi kana aiki a banki ko wani babban kamfani, ka fita da asuba, ba ka komowa sai 'ya'yanka sun yi barci, waya kuwa tana binka da saƙon ofis har kan gado. In ka ce ka gaji, ka yi zunubi ke nan?

Ka sani wannan gajiya dabam ta ke da ragwanci. A shekara ta 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamunta uku: ƙarfin mutum ya ƙare, zuciyarsa ta janye daga aikin, abin da ya ke yi kuma ya daina kyau a hannunsa. A 2021 ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta mutum 745,000 sun mutu cikin 2016 da ciwon zuciya da shanyewar jiki, sabili da aikin sa'a 55 ko fiye a mako.

Ka tuna da annabi Iliya. Bayan babban aikinsa a dutsen Karmel ya gudu cikin jeji, ya zauna ƙarƙashin wani itace, ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu, daga baya ne ya yi masa magana. Musa kuma, sa'ad da ya ke yi wa jama'a shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, surukinsa Yetro ya gargaɗe shi ya raba kayan da waɗansu amintattun mutane, ya kuwa karɓa.

Watakila za ka ce, in na yi magana za a kore ni, me iyalina za su ci? Wannan tsoro ba na banza ba ne. Amma ka bincika zuciyarka: bukata ce ta ke kora ka, ko son girma da kuɗi? In bukata ce, kada ka ɓoye. Ka faɗa wa matarka da dattawan ikilisiya, ka yi wa shugabanka magana da ladabi, ka karɓi hutun da ya ke hakkinka, ka kiyaye ranar Ubangiji. In barci ya ƙaurace maka, ko ranka ya fara fita daga zaman duniya, ka hanzarta wurin likita, gama neman magani ba rashin bangaskiya ba ne.

In kuwa kai ne shugaba, kada ka ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum uku, gama kai ma kana da Maigida a sama wanda zai tambaye ka.

Allah wanda ya halicce ka daga turɓaya ya san iyakar ƙarfinka. Ka kawo gajiyarka gare shi yau cikin addu'a, sa'an nan ka kwanta ka huta.