Wane Ƙauye Ne Ya Cancanci Shiga Kundi?

Tambayar da wannan ɗan rubutu zai duba ita ce: shin ƙaramin ƙauye wanda rijiyarsa ta ƙafe, kasuwarsa ta daina ci, mutanensa suka watse, ya cancanci gurbi a cikin kundin ilmi, wato irin littafin nan da ake jera al'amuran duniya a cikinsa? Masu tsara irin wannan kundi suna da ma'auninsu. A wurinsu, abin da amintattun marubuta suka riga suka yi magana a kansa shi ne shahararre, shi ake shigarwa.

Wannan ma'auni bai wahalar da kowa a kan manyan kufai ba. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, yau kango ne, amma babu mai ja da gurbinsa. Haka Kukawa, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, Barth ya sauka cikinta a 1851, Rabeh ya rushe ta a 1893. Waɗannan sun ga sarauta, sun kuma karɓi baƙi masu alƙalami.

To, amma mai karatu ya dubi Dufuna, wani ƙauye kusa da kogin Komadugu Gana, a Jihar Yobe ta yanzu. Kafin 1987 da wuya a sami wanda ya san sunansa in ba mutanen yankin ba. A shekarar nan wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya sai ya ci karo da wani itace a can ƙasa. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka. Nan da nan Dufuna ya shiga littattafai. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sauya? Kwalekwalen nan yana kwance a wurin tun kafin a san Gazargamu, balle Kukawa. Da makiyayin ya gusa da haƙarsa taku goma, da har yau ƙauyen yana cikin waɗanda za a ce ba su isa a ambata ba. Ashe ke nan ma'aunin shahara iyakar saninmu yake aunawa, sa'annan mu ɗora wa ƙauyen laifin jahilcinmu.

Sai dai kuma masu kundi ba su rasa hujja ba, kuma ya kamata a yi musu adalci. Wanda ya zauna zai rubuta tarihin ƙauyen da babu wata shaida a kansa, ko dai ya yi shiru ko ya ƙaga. Ƙage kuwa ya fi mantuwa muni, domin na baya za su ɗauke shi gaskiya tun da sun gan shi a buge. Inda na saɓa da su shi ne ɗaukar takarda a matsayin ita kaɗai ce shaida. Dattijon da ya san wanda ya sari garin, da unguwar da maƙera suka zauna, da shekarar da fari ya kori rabin jama'a, shi ma madogara ne, muddin aka rubuta wane ne ya faɗa, a ina, kuma yaushe, aka kwatanta da bakin wani.

Hasali ma, a Borno maganar ta wuce musun malamai. Rikicin da ya tsananta a 2014 ya tashi ƙauyuka masu yawa, mutanensu suka kwararo Maiduguri. Wasu sun koma, wasu kuwa ƙauyen nasu bai saura ko'ina ba sai a bakinsu. Yaron da aka haifa a sansani, in aka tambaye shi asalinsa, sunan wurin da bai taɓa gani ba zai faɗa. A ganina irin wannan wuri ya cancanci layi biyar: sunansa, hakimin da yake ƙarƙashinsa, harshen mutanensa, sana'arsu, da shekarar tashinsu. Ba a bukatar a yi masa kirarin da bai da shi.

Aikin ma ba ƙarami ba ne ga ɗalibin da zai ɗauka, don kuwa ba abin mamaki ba ne ya tarar Barebari suna kiran wurin da suna ɗaya, Shuwa da wani, Hausawa 'yan kasuwa kuma sun lanƙwasa shi yadda harshensu ya iya. Sai ya rubuta duka ukun, ya nuna wanda mazauna wurin suke amsawa.