Da Ruwan Ciki Akan Ja Na Rijiya

Duk wanda ya yi tafiya a ƙasar Nijar ya ga wannan abu da idonsa. Za ka shiga wani gari ka tarar kasuwa tana ci, ana ɗora sababbin gidaje, samari suna nan suna aiki. Ka yi gaba kaɗan, sai ka iske wani garin ya kwanta: katangu sun zube, rijiya ta rufta, ba kowa sai tsofaffi da ƙananan yara. Ruwan sama ɗaya ne, harshe ɗaya, watakila ma kaka ɗaya. To, me ya sa wannan ya ci gaba, wancan kuwa ya koma baya? Idan kuma wuri ya lalace, daga ina farfaɗowarsa za ta fito?

Mutane sukan ba da amsa da sauri. Waɗansu su ce rabo ne. Waɗansu su ce alhakin mutanen garin ne yake binsu. Amsar nan ta biyu tana da daɗi a bakin mai ƙoshi, gama tana sa ya ga kansa adali. Amma Ubangiji Yesu ya hana mu irin wannan hukunci. A cikin Luka sura 13 ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa musu, ya kuwa nuna sarai cewa ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. Saboda haka kada mu dubi kufai mu ce la'ana ce. Bari mu dubi tarihi tukuna.

Ga Damagaram. A zamanin Sarki Tanimu, wajen tsakiyar ƙarni na 19, birnin Zinder ya ƙasaita ƙwarai. An kewaye shi da ganuwa, ayarin raƙuma kuma suna tashi daga can su bi ta Agadas har Tarabulus da fatu da gashin jimina. Ba za mu ɓoye ba, akwai cinikin bayi a cikin arzikin nan. Faransawa suka ci garin a 1899, daga baya suka mai da shi babban birnin mulkinsu. Sai ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya zuwa bakin teku, hanyar hamada ta mutu. A 1926 kuma aka ɗauke kujerar mulki aka kai Yamai. Mutanen Damagaram ba su zama malalata cikin dare ɗaya ba. Hanya ce ta kauce musu.

Haka nan Arlit. Da aka fara haƙar ƙarfen yuraniyom a can a 1971, gari ya tsiro a tsakiyar rairayi, mutane suka yi ta kwarara daga ko'ina suna neman aiki. A 2021 kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa ta Akokan domin ƙarfen ya ƙare, ɗaruruwan magidanta suka rasa aikin yi. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Arzikin da hanya ta kawo, ko rami, ko kujerar mulki, baƙo ne. Ba ya tambayar kowa in zai zo, ba ya sallama in zai tafi. Wanda yake cikinsa yau kada ya yi fahariya, wanda ya rasa shi kuma kada ya ga kamar Allah ya yashe shi.

Amma idan muka tsaya a nan, sai mu naɗe hannu mu jira baƙon ya komo. Akwai sauran magana, ƙasar Maraɗi kuwa ita za ta koya mana.

Bayan farin 1973 da 1974, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal. An sare itatuwa domin noman gyaɗa da itacen girki. Manomin kirki a lokacin shi ne wanda ya share gonarsa tas, ba ko tsiro. Iska takan taso ta binne shuka da rairayi, har mutum ya shuka gero sau biyu ko uku kafin ya kama. Mata suna tafiya mai nisa neman ice, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama takin gona. Gwamnati da ƙungiyoyin waje suka kashe kuɗi mai yawa wajen renon dashe da rarraba shi. Yawancin dashen ya mutu: rana ta ƙona, awaki suka ci, gara ta ƙarasa sauran.

A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, yana ɗauke da dashe a mota, ya tsaya a hanya domin ya rage iskar taya saboda rairayi. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyensa, ya gane tohon itace ne wanda aka sare, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa tana shan ruwa. Irin waɗannan kututture suna nan birjik a gonaki, kowace shekara suna toho, kowace shekara ana sassabe su. Ashe dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa.

Aikin da ya biyo baya ba shi da wuya. Manomi ya zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kiyaye su daga dabbobi. Da yake saiwar tsohuwa ce, itacen yakan girma da sauri fiye da dashe. Wuƙa ko lauje sun isa. Manoma suka sa wa dabarar suna sassaben zamani.

To, in abin yana da sauƙi haka, me ya hana mutane yinsa tun da? Ga inda zancen ya taɓa zuciyar mutum da shari'ar ƙasa. Tun zamanin Turawa doka ta mai da itatuwa mallakar gwamnati. Mutum yana iya shan tara domin ya sare reshen itacen da ke cikin gonarsa. Wa zai yi wahalar renon abin da ba nasa ba? Ban da haka, in ka bar itace, wani ya zo da dare ya sare. Waɗanda suka fara kuma an yi musu dariya, ana cewa ƙazaman manoma ne. A yunwar 1984 an ba mutane abinci domin su bar toho a gonakinsu, amma da abincin ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Abin ya kafu ne sa'ad da ma'aikatan gandun daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye kuma suka kafa dokokinsu na hukunta ɓarawon ice. Dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara wa manoma ƙarfi. A yankunan Magarya da Matamai manoma da kansu suka yi ta kiyaye gawo, itacen nan da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki. Masu bincike da suka auna da hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kamar miliyan 200.

Kada mu zarce gona da iri. Itatuwa ba su kawar da talauci daga Nijar ba, an sake yin yunwa a 2005. Amma gidan da yake da ice na sayarwa, da ganyen miya, da abincin dabbobi, ya fi iya jure wa mugunyar shekara.

Ga darasin, ya ɗan'uwa mai karatu. Faɗuwar wuri sau da yawa daga waje take zuwa, amma tashinsa daga ciki yake fitowa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kowane gari da ya koma baya yana da kututturensa: sana'ar da tsofaffi suka iya, rijiyar da ke bukatar yasa, gayyar da aka daina yi, 'ya'yan garin da suke ci-rani amma zuciyarsu tana gida. Taimakon waje yana da amfani in ya zo ya shayar da saiwar da ke nan. In ya raina ta, ƙarshensa irin na dashen nan ne.

Saiwa kuwa ba ta toho inda babu gaskiya da amana. Ka tuna da Nehemiya. Da yake gina garun Urushalima, talakawa suka kawo kuka cewa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu saboda yunwa da haraji, har 'ya'yansu sun shiga bauta a hannun 'yan'uwansu. Nehemiya bai ce a bari sai an gama gini ba. Ya tara manya ya tsauta musu, ya sa suka mayar da gonakin. An kuwa gama garun cikin kwana 52. Mutumin da aka ƙwace gonarsa ba zai ɗauki dutse da zuciya ɗaya ba.

Saboda haka, kafin mu rubuta takardar neman taimako, bari mu zaga garinmu da ikilisiyarmu mu duba. Wane toho ne muke sassabewa kowace shekara? Akwai gwauruwar da aka hana ta gonar mijinta? Akwai saurayin da ya kawo shawara aka yi masa dariya har ya bar gari? Akwai ma'ajin da ba ya ba da lissafi, har mutane suka daina ba da gudummawa? Waɗannan suna hannunmu, ba sai mun jira jirgin ƙasa ko kamfani ba. Ruwan sama na Allah ne, shi yake ba da shi a lokacinsa. Namu shi ne mu riƙe amana, mu bar reshen ya girma, ko da jikokinmu ne za su zauna a inuwarsa. Allah ya ba mu idon ganin abin da ya rage da rai, da haƙurin renonsa. Amin.