Fitilar Aladin da Kwamfuta: Shin Akwai Ilimin da Ba a Sha Wa Wuya?

Mu da muka tashi a ƙauyukan Ungogo, daga Fanisau zuwa Bachirawa, mun san daɗin labarin al'ajabi tun kafin bidiyo ya shigo. A dandali muka fara jin tatsuniyar Daskin da Riɗi, a makaranta kuma muka karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Da kaset ya zo, sai muka riƙa cika gidajen kallo don ganin macijiyar nan mai rikiɗa ta koma mace a fim ɗin Indiya na Nagin na 1976, da Hatim Tai na 1990, da Aladin mai murza fitila aljani ya fito. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Sarauniya na Kano ya mai da Daskin da Riɗi fim. Har yau irin waɗannan finafinai na siddabaru su ne abin son ɗalibanmu.

To amma akwai tambayar da ke damunmu, mu malamai. Wane darasi yaro ke ɗauka idan kullum yana ganin jarumi ya sami mulki da dukiya ta hanyar murza zobe kawai?

Amsar takan bayyana ranar da aka zaunar da shi gaban kwamfuta. Ya zo da zaton ita ma fitilar Aladin ce, a taɓa, a sami biyan buƙata. Sai ya tarar linzamin yana kuɓuce masa, harafin da yake nema ya ɓace cikin madannai, domin jerin QWERTY ba jerin abacada ba ne, gado ne daga keken rubutu na shekarun 1870. Nan take gwiwarsa ta yi sanyi, ya ce abin ba nasa ba ne.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Mun ga ɗalibi haziƙi, ɗan manomi, wanda ya san amsa sarai, amma lokaci ya ƙare masa yana kokawa da linzami. Shekara guda ta tafi, da kuɗin geron da mahaifinsa ya sayar.

Wasu za su ce sai a hana yara kallo. Mu ba mu yarda ba. Al'ajabi shi ne ƙofar neman sani, kuma wanda bai taɓa mamaki ba, ba zai yi tambaya ba. Laifin fim ɗin ɗaya ne: yana nuna sakamako, ya ɓoye wahala. Aikinmu shi ne mu yaye labulen. Mu gaya wa yaro cewa aljanin da ya ga ya ɓace a fim ɗin yau, wani mutum ne ya zauna gaban kwamfuta kwana da kwanaki yana yanka hoto yana haɗawa. Wannan mai rufa-idon ma da harafi ɗaya ya fara.

Hakan kuwa ba baƙon abu ba ne a gare mu. Duk wanda ya riƙe allo ya san daga babbaƙu ake zuwa farfaru, sannan haddatu. Haka koyon kwamfuta yake: kunnawa da kashewa, riƙon linzami, buga suna, adana aiki. Inda babu na'ura ko wuta, mukan zana madannai a kan kwali, yara su yi ta bitar yatsu har su saba.

Saura mu marubuta. Yawancinmu sai da muka yi fama kafin mu gano yadda ake fitar da ɓ da ɗ da ƙ a kwamfuta, don haka mun san ɗacin koyo. Me zai sa mu riƙa ba jarumanmu laya su yi nasara a shafi guda? Ko Alhaji Imam na Ruwan Bagaja sai da ya shekara goma sha biyar yana yawon duniya kafin ya samo ruwan. Mu rubuta al'ajabi, amma mu bar gumin a ciki, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Allah Ya sa mu dace.