Shin Son Kai Sharaɗi Ne Na Son Maƙwabci?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, na daɗe ina fama da raina kaina. Wata abokiyar aikina Kirista ta ce a Linjila an umarci mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa kamar kansa, don haka wanda bai fara son kansa ba ba shi da abin ba wani. Na ga hadisin Anas ma kamar haka yake. Tun daga nan na daina ba da aro, na daina shiga barka da gaisuwar mutuwa, sai na gyara kaina tukuna. Ina da laifi?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Nassin da abokiyar aikinki ta ambata yana nan a littafinsu: Firistoci 19:18, an maimaita shi a Matiyu 22:39 da Markus 12:31. Amma fassarar da ta ɗora masa, su kansu Kiristoci ba su haɗu a kanta ba. A sigarta ta yau, a Amurka ta yi ƙarfi, ta hanyar masanin halayyar ɗan Adam Erich Fromm a littafinsa na 1956, da fasto Robert Schuller a nasa na 1982. Wasu malamansu, irin su John Stott na Ingila, sun mayar da martani cewa dokoki biyu aka ambata a wurin, son Allah da son maƙwabci, babu ta uku. Ba mu ne alƙalai tsakaninsu ba. Na kawo wannan ne don ki san kin gina hukunci a kan abin da masu shi ke jayayya a kansa.

Hadisin Anas kuwa, mai cewa imanin mutum ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa, a ruwayar Muslim mai ruwaya ya yi kokwanto ko ɗan'uwa aka ce ko maƙwabci, saboda haka ya shafi mas'alarki kai tsaye. Sai dai son kai a cikinsa ma'auni ne, ba a sanya shi sharaɗi ba. An auna da shi ne domin kowa yana da shi. Bahaushe ya ce so duka so ne, amma son kai ya fi. Ke da kike cewa kin raina kanki, in zazzaɓi ya kama ki kina neman magani, in aka ci mutuncinki a bainar jama'a kina jin zafi. To wannan shi ne ma'aunin, kuma yana hannunki. Aya ta 36 cikin Suratun Nisa'i ba ta rataya haƙƙin maƙwabci a kan yanayin zuciyar mai bayarwa ba, kuma Ƙurɗubi ya ce ta haɗa Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Inda ake da tafsili shi ne dukiya da ƙarfin jiki. A hadisin Jabir, wani mutum ya ɗaura 'yancin bawansa ga mutuwarsa alhali ba shi da wata dukiya. Annabi (SAW) ya sayar da bawan dirhami 800, ya miƙa masa kuɗin, ya umarce shi ya fara da kansa, sannan iyalinsa, sannan dangi. Don haka in kin dawo daga aikin dare a gajiye kika ƙi buɗe ƙofa, babu laifi. In maƙwabciya ta saba aron tukunya ta dawo da ita a lotse, ko albashinki ba zai ɗauki bashi ba, ki ce babu hali cikin kyakkyawan lafazi. Fifita wani a kan kai, irin na Ansaru a Suratul Hashri, falala ce ga wanda zai iya haƙuri kuma ba zai tozarta waɗanda yake ciyarwa ba. Amma amsa sallama, duba marar lafiya, ta'aziyya da kame cuta ba sa jiran sai kin warke. In janyewar ta kai ga gaba, kin san iyakarta kwana 3.

Ina jan kunnenki, da masu ɗaukar irin wannan magana daga guntayen bidiyo a waya. An mayar da "neman kwanciyar hankali" hujjar yanke zumunci da rufe ƙofa ga maƙwabta, alhali kaɗaici ƙara wa mai raina kansa ciwo yake yi. Zargin kai da magabata suka yi a kan zunubi ne, ba su taɓa musun karamcin da Allah ya yi wa ɗan Adam ba.

Ki nemi gafara kan abin da kika bari na wajibi, ki fara da gidan da ya fi kusa da ƙofarki. In raina kan ya kai ga rashin barci, yanke ƙauna ko tunanin cutar da kai, ki ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba. Wannan ma haƙƙin kanki ne a kanki.

Allah ne mafi sani.