KAI AMANA NE: NASIHA GA SAMARI MASU HAWAN BABUR

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mutum, ya ba shi hankali, sannan ya ɗora masa nauyin shari'a saboda wannan hankalin. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa samari, ku sani hankali yana cikin abubuwa biyar da Musulunci ya zo domin kiyaye su, watau addini da rai da hankali da nasaba da dukiya. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Ba salla a kansa, ba azumi, cinikinsa ba ya ƙulluwa, sakinsa ba ya aukuwa. To, Allah cikin hikimarsa ya rataya aikin hankalin nan ga ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, laushinta kuwa kamar awara. Amma a cikinta akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma ita kaɗai take cinye kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki yake samu. Subhanallahi!

Kowane sashe nata da aikinsa. Na ƙeya shi ke gani, na gefe wajen kunne shi ke ji. Ƙarƙashin ƙeya akwai mai daidaita tafiya don kada ka yi tangaɗi, kusa da shi kuma, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, akwai mai riƙe da numfashi da bugun zuciya kana barci ko kana farke. Na bayan goshi shi ne mai auna abu, shi ke ce maka bari ko yi. Shi ya sa za ka ga yaro mai ladabi ya faɗi a babur, ciwon ya warke, amma ya tashi da zagi da faɗa da rashin kunya, mutane su ce an yi masa sammu. Ba sammu ba ne, goshin ne ya bugu.

Malamanmu na fiƙihu ba su raina raunin kai ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san wannan babi. Raunin da ya bayyanar da ƙashin kai, watau muliha, diyyarsa raƙuma 5. Wanda ya farfasa ƙashin har ya gusa, watau munaƙƙila, raƙuma 15. Wanda ya kai ga tantanin ƙwaƙwalwa, watau ma'amuma, sulusin diyya. In kuwa hankali ne ya gushe, cikakkiyar diyya ce, raƙuma 100, daidai da wanda aka kashe. Wannan shi ne kuɗin kanka a ma'aunin shari'a. Kai kuma ka ɗauke shi ka hau babur, kai a buɗe, kana tsere da abokai ranar ɗaurin aure, kana ɗaga tayar gaba don 'yan kallo su yi maka tafi. Haba ɗan'uwa!

Hular kwano an ce tana da zafi. Gaskiya ne, tana da zafi. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya ta yadda ya kamata, da ɗaure igiyarta, yana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har kashi 74 cikin 100. A watan Janairun 2009, da aka tilasta dokar sanya ta a Nijeriya, sai da aka kama 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka don su yaudari ma'aikata. Wa aka yaudara? Kwalta ba ta san wasa ba. Wani kuma ya ɗaura laya ko guru wai maganin hatsari, ya bar abin da Allah ya sanya sababi na gaskiya, ya kama abin da zai ɓata masa tauhidi. Wani ya ce ai ajali ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, umurtar mai raƙumi ya yi da ya ɗaure raƙuminsa tukuna, sannan ya dogara ga Allah.

Saura magana guda, wadda rashin saninta ya kashe mutane da yawa. Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne, ba ya buɗewa. Ƙashin da ke tsakanin ido da kunne siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. In ta fashe, mutum yakan suma ya farfaɗo, ya karkaɗe riga ya ce ba komi, alhali jini yana taruwa a ciki yana danne ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan sa'o'i sai ya kwanta, ba zai tashi ba. Saboda haka wanda ya bugu a ka, in ka ga yana amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci yana rinjayarsa, ko magana ta rikice, ko jijjiga, ko ɓarin jiki ya yi nauyi, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne ko hanci, to, asibiti nan take. Kada a girgiza shi, kada a murɗa wuyansa wajen ɗauka, kada a ɗura masa ruwa yana sume. A yi masa addu'a a kan hanya, ba a tsaya a gida ana jiran gari ya waye ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.